'Yar Magini da Ƙofa ta Goma Sha Uku

A hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayil, akwai wani ofis mai tebur tara da fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Mutum takwas a ɗakin manhajar kwamfuta suke rubutawa. Ta taran, wadda teburinta ke jikin taga, bayani take rubutawa, kuma kowa a wurin 'Yar Magini yake kiranta.

Manhajar da suke yi ta masu shago ce, tana riƙe musu lissafin kaya: me ya shigo, me ya fita, me ya kusa ƙarewa. To amma shago suna ya tara. Mai kantin magani yana so a tuna masa kwalbar da ta kusa lalacewa, mai yadi da awo yake sayarwa, mai kayan mota kuwa lambar jikin ƙarfe ya sani. Injiniya, wanda ya kafa kamfanin, ya ga ba zai iya dafa wa kowa irin tasa ba. Sai ya gina abin kamar gida: babban gida a tsakiya, a jikinsa kuma ya bar wurare inda duk wani mai rubuta manhaja, ko a ina yake, zai jona nasa ɗan ɗakin ba tare da ya fasa bango ba. Waɗannan wuraren su 'yan ofis ke kira ƙofofi. Aikin 'Yar Magini shi ne ta ba kowace ƙofa shafi guda a intanet: ina take, yaushe take buɗewa, me babban gida zai miƙo maka, me za ka mayar masa, in kuma ka yi kuskure me zai rufta. Mutanen da take rubuta wa ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Sunan ba a banza ta same shi ba. Mahaifinta magini ne, tun tana ƙarama take kai masa abinci wurin aiki, ta zauna kan tulin yashi tana ƙirga duk abin da ido ya gani: bulo, buhu, leburori, tsani. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ƙarafan da yake bari tsaye a saman rufi, huɗu-huɗu a kowane lungu, kamar gashin da aka manta ba a aske ba. Mai gida yakan ce a yanke, suna ɓata masa kyan gini. Shi kuwa sai ya ce, "Bari dai, wata rana za ka so bene, ko ɗanka ya so." Sannan ya kira mutum biyu su tsaya, ya faɗa a gabansu: waɗannan ƙarafa hawa ɗaya za su ɗauka, kada wanda ya ɗora biyu. Da safe kuma, kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa, magana ɗaya yake wa leburori da murya mai tayar da tantabarun unguwa: "A jiƙa bulo kafin rana ta yi zafi."

Ta yi karatun kwamfuta, ta auri mai gyaran firji, ta haifi uku. Da ta samu aikin nan, Injiniya ya zaunar da ita ya ce ƙofofin gidansa goma sha biyu ne, ta rubuta su. Da wata ce, da ta rubuta goma sha biyu ta tafi gida. Ita kuwa ba a gaya mata adadi ta yarda sai ta ƙirga da kanta. Ta bi manhajar lungu-lungu, sai ta samu goma sha uku. Ta sha ukun wata 'yar kafa ce can ciki: duk maganar da babban gida zai nuna a allo, sai ya fara miƙa ta nan tukuna. Injiniya ya bar ta ne don leƙen kurakurai lokacin gwaji, ya manta bai toshe ba. A lokacin da ta gano ta ya yi tafiya. Ta ga ƙofa, ta gwada ta buɗe, ta rubuta mata shafinta, aka ɗora a intanet tare da sauran.

Da ya dawo ya gani, sai ya dafe kai.

"Malama, wa ya aike ki? Wannan ai ramin ɓera ne, ba ƙofa ba."

"Ranka ya daɗe, ɓeran da ya haƙa shi ya iya aiki. Na shiga da kayana ban sunkuya ba."

Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nata, ya sunkuyar da kai yana dariya. Injiniya ya ce a bar shi, ba wanda zai kai shafi na sha uku, mutane ko na farko da ƙyar suke gamawa.

Tana da wata ɗabi'a a aikinta. Ba ta rubuta shafin ƙofa sai ta gina ɗan ɗakin gwaji a jikinta da hannunta, ta ga ya tsaya, sannan ta sa shi a ƙasan shafin ya zama misali ga mai zuwa. Kuma ba ta son busasshen misali. In wurin yana buƙatar wata magana, daga gida take ɗauko ta. A ƙofa ta uku akwai faɗan da take wa autarta kan takalmi. A ta takwas akwai ƙorafin maigidanta kan masu cusa wuƙa a firji su ɓantari ƙanƙara. A ta sha uku, inda misalin ke nuna yadda za ka sa na'ura ta fitar da magana da zarar an kunna ta, sai ta sa ta mahaifinta.

Shekaru suka shuɗe, shafukanta suka kai ɗari da ashirin da shida in an haɗa da na gyare-gyare, Injiniya ya fara furfura a gemu. Sai aka zo gina sabon zubin manhajar, a taron ofis ya ce ƙofa ta sha uku za a toshe. Kuma yana da hujja. Tana sa komai nauyi, tun da kowace kalma sai ta tsaya a nan kafin ta wuce. Ga haɗari: wanda ya shiga ta nan yana iya canja duk abin da mai shago ke gani, sunan magani ma in ya so. Ba ta da dogari, ba ta da makulli.

"In akwai wanda ya yi gini a kanta fa?" in ji 'Yar Magini.

"Wa?"

Ba ta san sunan ko mutum ɗaya ba. Manhajar a kwamfutar mai shago take zama, ba ta aiko wa ofis labarin komai, don Injiniya tun farko ya ce shi ba ya leƙen gidan mutane. Saboda haka ba wanda ya san ɗakuna nawa aka jona a ko'ina. Abin da ta sani kawai, ita ta rubuta da hannunta cewa ƙofar nan tana nan, ku zo ku gina. Ranar da aka toshe ta, duk wanda ya amince da maganarta zai wayi gari ɗakinsa a ƙasa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Alkawari kaya ne, kuma a kanta aka ɗora wannan.

Suna da ƙa'ida a ofis: ba a toshe ƙofa sai an rataya mata sanarwa. Ta rubuta da jan rubutu a saman shafi na sha uku, duk mai amfani da wannan ƙofa ya yi magana. Injiniya ya ce, "Kawo min mutum ɗaya mai rai, mai numfashi, kafin mu fitar da sabon zubi, sai mu sake zama." Shiru kake ji, kamar an shuka dusa. Kullum da safe Dogo yakan leƙo ta saman kwamfutarsa ya ce, "Hajjaju, baƙin namu sun iso ne? In sa a ƙaro kujeru?" Ta ce masa ya ji da tsawonsa.

Abin ya bi ta har gida. Mahaifinta yanzu a wurinta yake, gwiwoyi sun ƙi, yana yini a kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinsa yana duban bangon maƙwabta yana kushe aikin wanda ya yi shafen. Ya ga ta dawo tana juya cokali a kofin da babu komai.

"Uwata, yau kuma wa ya taɓa ki?"

"Baba, wata ƙofa za a toshe mana."

"A cikin akwatin naku?"

"A ciki."

"To ai da sauƙi, ba siminti ba yashi. Mu da muka toshe ta gaske ma ba mu rame ba."

Ta yi murmushi don dole. A gefe maigidanta yana zazzage buhun da ya kawo daga shago, yana neman wata waya. Takardun bayanin firji suka zubo, goma sha ɗaya ta ƙirga, tara ko ledarsu ba a yage ba. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa, abin ya sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi.

"Duk wannan wani ya zauna ya rubuta, ba wanda ya buɗe."

"Ni na buɗe, lokacin da nake koyo," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Amma wanda firjinsa ke sanyi, me zai koma nema a takarda?"

Ta tsaya da takardar a hannu. Sun rataya sanarwa a shafin da mai gini kaɗai ke karantawa, shi ma sai lokacin da yake ginin. Wanda ɗakinsa ya tsaya tuntuni ya kama gabansa. Sun yi ta sallama a kangon da masu shi suka tashi.

Washegari ta riga kowa zuwa, ta tare Injiniya tun bai ajiye jaka ba. Ta ce a aika sanarwar ta cikin ƙofar kanta. Babban gida ai ya san ko an jona masa ɗaki a nan ko ba a jona ba, ko da bai gaya wa ofis ba. A ɗan gyaran da suke turawa shaguna lokaci-lokaci, a sa masa umarni: in ka ga ɗaki a ƙofa ta sha uku, miƙa masa wannan magana, duk abin da ya saba yi da magana ya yi da ita. Inda babu ɗaki, ba wanda zai ga komai.

Injiniya ya shafa gemu. "In kuma aka yi shiru?"

"Ni da kaina zan goge shafin."

Ta rubuta maganar yadda mai shago zai gane: na'urar nan taka an haɗa ta ne ta wata ƙofa da ake shirin toshewa, in wannan saƙo ya iso gare ka, don Allah ka kira wannan lamba. Lambar wayar da ke kan teburinta ta sa. Aka tura.

Wadda ta fara kira wata mai kantin kayan yara ce, a fusace, wai injin rasit ɗinta ya tofo wata doguwar takarda yana mata barazana. 'Yar Magini ta ba ta haƙuri, ta jefa murfin kwalba ɗaya a cikin kofi don ƙirge. Kafin ta ajiye wayar wani kiran ya shigo. Wani mai sayar da fenti ya ce allon fitilun da ke saman ƙofar shagonsa, mai nuna kayan da suka iso, yana ta yawo da maganar toshe ƙofa, masu wucewa na tambayarsa ko tashi zai yi. Wata ma'aikaciyar ɗakin magani ta ce saƙon ta wayarta ya shigo, inda ta saba samun labarin allurar da ta kusa ƙarewa. Wani ya yi ta magana da harshen da ba mai ji a ofis, sai lambar sha uku kawai suka tsinta a hoton allonsa da ya turo: ashe wani can ya bi ta ƙofar ya juya manhajar gaba ɗaya zuwa harshensu. Dogo ya daina tsokana, ya jawo kujerarsa yana miƙo mata murafu. Da suka ƙare aka koma maɓallan riga. Kafin wayar ta lafa, abu arba'in da bakwai ne a kofin, kowanne shago ne, kowanne da irin ɗakin da ba wanda ya taɓa mafarkinsa a cikin su tara.

Kira ɗaya ne ya sa Injiniya ya ɗauki makullin mota. Wani dattijo ne, muryarsa a natse. Ya ce, "Yarinya, injina ya yi min wata magana yau da ban saba ji ba." Shagonsa bai yi nisa ba, a layin masu kayan famfo. Injiniya da 'Yar Magini suka nufi can.

Shago ne mai faɗin tabarma uku, kanta har rufi, akwatuna ƙanana ɗari biyu da wani abu, kowanne da ƙusa ko igiya ko ɗan ƙarfe a goshinsa don hannu ya gane shi. Mai shagon na zaune bayan tebur da baƙin tabarau. Idonsa ya tafi a hankali bayan ya manyanta, har ya fara neman wanda zai sayi shagon. A gabansa akwai kwamfuta da allonta a kashe, ƙura ta rufe shi, da wata 'yar lasifika da aka ɗaure da waya a ƙafar tebur. Suna tsaye wani mai gyaran famfo ya shigo neman kan famfo. Dattijon ya danna maɓallai da yatsu huɗu, lasifikar ta ce, "Saura shida, kanta ta uku, akwati na tara." Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, ya zaro.

'Yarsa ce ta haɗa masa, malamar lissafi a makarantar sakandare, ta baro aji ta zo da alli a hannun riga. Ta ce ba ta taɓa rubuta manhaja ba kafin nan. Ta nemi mai yi mata, duk suka ce sai an sake ginin daga tushe. Sai ta zauna da shafukan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na sha uku, ta ga an ce duk maganar da za ta fito a allo nan take fara biyowa. Ta ce a ranta, in dai magana ce, ai ana iya faɗarta.

"Ke ce mai shafukan?" ta tambayi 'Yar Magini. "Anti, kin ce in aka yi kaza zai faɗi, na yi, ya faɗi. Kin ce in aka yi kaza zai tashi, ya tashi. Tun daga nan na daina jin tsoronsa."

Sai dattijon ya gyara zama.

"To tunda Allah ya kawo ku, ku warware min wani abu. Ni ba bulo nake sayarwa ba. Me ya sa kullum na kunna injin nan sai ya aike ni jiƙa bulo?"

'Yarsa ta rufe fuska da mayafi. Ta ce misalin ta kwafa yadda yake, da abin ya yi aiki kuwa ta ji tsoron cire ko layi ɗaya kada duka ya rushe. Dattijon ya kashe na'urar, ya sake kunnawa don su ji. Sai wata murya marar gaggawa ta fito daga ƙafar tebur: "A jiƙa bulo kafin rana ta yi zafi."

'Yar Magini ta lumshe ido. Ta ga tulin yashi, ta ga ƙarafa huɗu-huɗu a saman rufi.

"Maganar mahaifina ce, Baba. Magini ne."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To ki gaishe shi. Ki ce masa duk layin nan sun ɗauka. In maƙwabcina ya makara buɗe shago, abin da yara da manya ke masa ke nan."

Injiniya ya matso kusa da teburin. Ya tsuguna yana duban lasifikar da wayar da aka ɗaure ta da ita, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya ce wa malamar lissafi, ramin nan har yanzu rami ne, kuma har yanzu yana da haɗari, ba zai bar shi haka ba. Zai sa masa dogari da makulli, ya raba masu sauraron magana da masu canja ta, kuma tsohuwar hanyar ba za ta rufe ba sai an bi arba'in da bakwai ɗin nan ɗaya-ɗaya an ga kowa ya koma sabuwa da ɗakinsa a tsaye. Ya juyo wurin 'Yar Magini.

"Ke kuma shafin naki sabo za ki rubuta. Kin jawo mana aiki."

"Misalin fa, ranka ya daɗe? In canja?"

"Kada a taɓa min bulona," in ji dattijon.

Kafin su fito ta roƙi a sake kunna na'urar, ta ɗauki muryar a wayarta. Da safe, kafin ta fita aiki, ta tarar da mahaifinta a kujerarsa yana hararar bangon maƙwabta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kanga masa wayar a kunne. Ya saurara. Ya ce ta sake. Ta sake.

"Wane ne wannan?"

"Inji ne, Baba, a shagon wani mai kayan famfo. Kullum da ita yake buɗe shago." Ta ba shi labarin tun daga ramin ɓera.

Ya murza gwiwarsa da tafin hannun da siminti ya cinye wa zane.

"Muryar ta yi sanyi," ya ce. "Da wannan ko lebura ɗaya ba zai tashi ba." Ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya riƙe ta da hannu biyu. "Nuna min inda ake dannawa, Uwata. Ki je aikinki, kya karɓa in kin dawo."